Kafson Inna

A ɗakin gwaji na asibitin, Uwar Faranti ake ce mata. Shekara goma sha tara tana shuka ƙwayoyin cutar gudawa a ƙananan farantai, ta jira su tsiro, sannan ta sa su a na'ura ta duba ko suna ɗauke da gadon halittar da ke hana magani kama su. In gadon yana nan, siririn layi ne ke fitowa a allo.

A gida kuwa likita ce, ko ta so ko ta ƙi. Mahaifiyarta ta fi kowa matsa mata.

"Ke, sayo min kafson nan ja da rawaya."

"Inna, sai an auna ki."

"Ni na haife ki, ke za ki auna ni?"

Sai ta sayo, don a zauna lafiya. Inna ta sha biyu, ta ji dama, ta ajiye sauran don gaba. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, alhali ta san irin wannan shan ne ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Wata Litinin Inna ta ɗumama kazar da ta kwana ta ci. Kafin la'asar amai da gudawa sun kwantar da ita. Ƙanen Uwar Faranti ne ya kawo ta asibiti, shi ya miƙo kwalbar gwajin ta taga.

"Yaya, ki sa nata a gaba."

"Na sa. Amma kwana biyu suke yi kafin su tsiro, ba sa jin magiya."

Likita ya fara da maganin da aka saba. Ita kuma tana safa da marwa tsakanin ɗakin gwaji da gadon Inna.

"Kin gano?" in ji Inna, murya can ƙasa.

"Tukuna."

"Kin tsufa kina leƙa kashin mutane, nawa ne zai gagare ki?"

Ranar Laraba layin ya fito, har uku. Abokin aikinta Dogo ya leƙo ta kafaɗarta.

"Kai! Ƙwayoyin nan sun sha magani har sun ƙoshi. Na waye?"

Ya karanta sunan da ke jikin kwalbar.

Da gudu ta hau bene. "Likita, abin da ake ba ta bai da maraba da ruwa." Aka sauya magani nan take, amma ƙoda ta riga ta tsaya. Inna ta cika ranar Alhamis da hantsi.

Da ta dawo aiki bayan zaman makoki, Dogo ya same ta tana wanke hannu.

"Kada ki ɗora wa kanki. Wataƙila kazar ce ta zo da gadon. Masu kiwo ma ɗura musu magani suke."

"Wataƙila."

"To kin gani."

"Na'urar tana nuna yana nan, Dogo. Ba ta faɗin wanda ya kawo shi."

Ta rufe famfo, ta sa safar hannu. Kwalabe bakwai na jira a taga.