Garin da Na Zuba a 'Yar Na'ura

Garin da aka haife ni yana ƙarƙashin ruwan madatsar Tiga. Ina goye aka tashe mu, don haka ban san shi ba sai a bakin baffana, yayan mahaifina. Shi kaɗai ya rage mai iya jero gidajen garin daga masallaci har bakin rafi: gidan wane, matansa, 'ya'yansa, da inda kowa ya nufa bayan tashi.

Ina malamin gona a Tudun Wada wani abokin aiki ya dawo daga kwas, ya ba ni 'yar na'ura mai kama da kalkuleta, wadda ake rubutu a ciki. Wai lambobin waya ake ajiyewa. To ni wa zan kira? Sai na zuba mata garinmu. Damina guda, duk Juma'a in hau babur in je wurin baffa, yana gyaran taru yana faɗa, ina dannawa da farce. Yakan yi min tsiya, wai boko ya kai ni rubutu a murfin gwangwanin kifi. Ko layi ɗaya ban sa a takarda ba, tsabar iyayi.

Da kaka ta shigo, baffa ya kwanta ciwo. A lokacin ne kuma aka ce min in batir ya mutu komai zai tafi, gara in kwafe a kwamfuta. Hankalina ya tashi. Kwamfuta ɗaya ce a ofishinmu, kullum lulluɓe da zane, ba mai taɓa ta sai wani dattijo mai buga takardu. Aka tada janareta, muka jona na'urar da kwamfutar da waya. Sai kwamfutar ta yi tambaya da Turanci: cikin biyun, wacce za a bi?

Muka dubi juna. Dattijo ya ce shi dai bai taɓa ganin inda ƙarami ya ba babba umarni ba. Ga kwamfuta ta cika tebur, ga tawa iya tafin hannu. Wallahi maganar ta shige ni. Ni da bakina na ce ya danna a bi babbar.

Babbar babu komai a cikinta, kuma abin da ta ba ƙaramar ke nan. Na kashe, na kunna, na girgiza ta, fayau. Na yi wa dattijon nan faɗan da har yau nake jin kunyarsa. Shi dai ya mayar da zanensa ya lulluɓe ta.

Ranar Juma'a na tarar da baffa a zaure, ya rame ƙwarai. Na kasa gaya masa. Na ce ina so mu sake bin gidajen ne don in tabbatar. Ya fara daga masallaci, gida ɗaya, biyu, har huɗu. Sai ya kakare, leɓensa na motsi. Can ya nuna aljihuna.

"Duba gwangwanin naka mana, ɗana. Tun da na ba ka ajiya na daina riƙewa."