Safara'u da Kunyar Ɗan Fari

Safara'u ta shekara goma sha ɗaya tana awon jarirai a ƙaramin asibitin unguwarsu a Zoza. Karatunta a aji uku na sakandare ya tsaya, amma hannunta ya san sikeli, kuma matan garin sun fi sakin jiki da ita a kan duk wani mai farar riga, don da yawansu tare suka yi makarantar allo.

Bara waccan aka kira su bita ta kwana uku a Rogo. Aka ce daga yanzu ba jariri kaɗai za a riƙa dubawa ba, har da halin da zuciyar mai jego take ciki. Aka raba musu fom, da wata takarda mai kalmomin Turanci arba'in, duk na fushi da tsoro da kaɗaici da makamantansu.

Hadda ta ƙi zama mata. Sai ta ɓullo da dabara, kowace kalma ta liƙa ta a kan wani da ta sani. "Angizayati" ta ba maƙwabciyarta, wadda ba ta iya cin abinci in ɗanta ya hau babur zuwa Karaye. "Agiresib" ta ba masifaffen mahaucin bakin kasuwa. Mijinta Malam Lurwanu, magatakardan dagaci, ya leƙa takardar ya ga sunayen mutane a jere.

"Ni wacce kika ba ni?"

"Sitobon."

"Me ke nan?"

"Taurin kai."

"Ai wannan da Hausa ma kin sha faɗa mini. Ba sai an kai ki bita ba."

Kalma ɗaya ce ta rasa wanda za ta liƙa wa, "difireshan". Malamar bitar ta ce shi ne ciwon damuwa, yana kama wasu mata bayan haihuwa, su daina jin daɗin komai, har ɗan da suka haifa. Safara'u ta rubuta, amma a ranta ta ce wannan na matan birni ne.

Da damina wata mai jego, Sadiƙa, ta zo wankan gida daga Kwanyawa, haihuwar fari, namiji. Uwarta, Gwaggo Juwairiyya, ita ke riƙo jaririn zuwa awo, Sadiƙa na biye kai a sunkuye. In an miƙa mata shi sai ta kau da fuska. Ba ta faɗin sunansa. Safara'u ba ta ga abin mamaki ba, don ita ma haka ta yi wa nata ɗan farin a gaban manya. Ta duba fom, ta yi alama a gidan kunya.

Mako na biyu aka sake awo, yaro bai ƙaru ba. Mako na uku ya ragu. Ba zawo, ba zazzaɓi, kuma nono akwai. Safara'u ta san in aka ci gaba a haka yaron nan ba zai ga arba'in ba. Bayan la'asar ta ɗauki mayafi ta tafi gidan.

Suka gaisa da Gwaggo, aka tambayi ruwan zafi, aka tambayi damina. Sannan ta kawo maganar.

"Haba Malama," in ji Gwaggo, "kunya ce. So kike ta rungume shi a gabana kamar marar tarbiyya? Ni da na haifi yayanta sai da aka riƙa matse ni ake ba shi nono."

"Gaskiya ne, Gwaggo. Ki taimaka mini da kunun kanwar nan naki, tun daga zaure nake jin ƙamshinsa."

Gwaggo ta fita madafa tana dariya. Safara'u ta kwantar da yaron a gefen uwarsa, ta koma bakin ƙofa kamar tana gyara takalmi. Ta san yadda mai kunya take yi in manya sun ba da baya: ta saci kallo, ta taɓa ƙafa, ta shinshina kai. Yaron ya motsa, ya yi ɗan kuka. Sadiƙa bango take kallo.

Safara'u ta dawo ta zauna a kan tabarma.

"Ƙanwata, kina barci kuwa?"

"A'a, Yaya."

"Abinci fa?"

"Kamar ƙasa nake jin sa a baki." Sannan ta ƙara da cewa, "Kowa cewa yake ina da kunya. Ni ba na jin komai ne. In ya yi kuka sai in ji kamar ɗan maƙwabta ne. Yaya, ko ni muguwa ce?"

"Ba muguwa ba ce. Ciwo ne, yana da suna, kuma ana maganinsa."

Da Gwaggo ta shigo da kunu, Safara'u ta gaya mata komai a gaban 'yarta. Gwaggo ta ajiye kwanon da ƙarfi.

"Wato 'yata ta taɓu ke nan? Hakan za a ji a Kwanyawa?"

"Ba wanda ya ce ta taɓu. Likita zai gan ta a babban asibiti, kamar mai hawan jini. Ki ɗaga jikanki ki ji, Gwaggo. Kin goyi bakwai, kin fi sikelina sani."

Gwaggo ta ɗaga shi. Ta daɗe tana riƙe da shi a tafin hannu biyu.

"Wankan safe fa? Ba na fasa mata wankan jego."

"A yi shi da wuri. Ƙarfe takwas zan zo da mota."

Washegari Safara'u ta soke alamar da ta yi a fom, ta yi wata a gidan da ya dace, ta rubuta takardar turawa. Su huɗu suka tafi har da jaririn. An ɗora Sadiƙa a kan magani, aka ce ta riƙa dawowa duk mako biyu, kuma a daina barin ta ita kaɗai a ɗaki. Gwaggo ta koma kwana da ita, tana tashin ta shayarwa.

Ba a ga sauyi nan da nan ba. Awon da ya biyo baya yaro bai ragu ba, bai ƙaru ba. Na bayansa ya ƙaru da giram ɗari biyu. Ran arba'in mijin Sadiƙa ya aiko a mayar da ita Kwanyawa, Gwaggo ta ce a gaya masa sai likita ya sallame ta.