Shekarar da Muka Bar Rabi a Ƙuba

Safiyar wata Asabar ce a cikin Sha'aban, shekarar da muka gama aji huɗu, wajen ƙarshen shekarun 1970 in lissafina bai kuskure ba. Mahaifinmu, wanda muke kira Abuya, ya sa mu a gaba ni da Rabi, kowacce da hotunanta a ambulan, muka hau bas daga Ƙuba, unguwarmu a birnin Manzon Allah, zuwa inda ake yin fasfo. Kano za mu je da hutu, don gwaggon Abuya ta aiko tana son ganinsa kafin ta cika. Ma'aikacin ya buɗe takardar iyalinmu, ya bi sunaye da bakin alƙalami, ya sami nawa. Ya sake bi. Sannan ya nuna Rabi ya ce da Larabci, "Wannan fa, 'yar waye?" Abuya ya ce 'yarsa ce. Mutumin ya ce babu ita a nan. Abuya ya rage murya ya ce riƙonta yake yi, amma nono ɗaya muka sha. Mutumin ya amsa, ba da faɗa ba, cewa takardar ba ta da gurbin nono. Rabi na tsaye, haɓarta daidai bakin teburin, ga shi ta fi Abuya jin Larabci. A nan ta san ba Ummi, mahaifiyata, ce ta haife ta ba. Ni ma a nan na sani.

Tagwayen Ummi ake ce mana a unguwa, kuma ban taɓa tambayar me ya hana a sa mana Hassana da Usaina ba. Tabarma ɗaya muke kwana a kan soro. Da asuba ni nake zuwa layin sayen gurasar tamis, ita ta yayyafa wa tsakar gida ruwa ta cika randa. Bayan makaranta mu ɓare wa Ummi gyaɗar da take soyawa tana ƙullawa, mu yi carafke da ƙwallayen dabino, ko mu sulale zuwa tsofaffin lambunan bayan gida mu tsoma ƙafa a magudanar ruwa har mai lambu ya daka mana tsawa. Ita ce mai bakin ramawa. In yaran layi suka tsokane mu da launin fata, ni in yi kuka, ita ta bi su da takalmi. Ummi kan ce, "Ɗaya ta kwashe baki, ɗaya ta kwashe hawaye."

Abin da na tattara daga baya, kuma ba zan rantse a kan kowane yanki nasa ba, shi ne wata baƙuwa 'yar Damagaram ta sauka a ɗakinmu na waje bayan aikin Hajji, mijinta ya rasu a hanya, ga ciki. Ta haihu, ba ta yi arba'in ba ita ma ta bi shi. Ummi na goyona, sai ta haɗa mu. A cikin kayan marigayiyar akwai fasfonta da takardar asibiti ta haihuwa. Ummi ta jefa su a murhu. A wajenmu ɗan riƙo ɗa ne, abin kunya ne ma a nuna masa bambanci, ita kuwa tsoronta kada yarinyar ta girma ta tsinci takardar a akwati. Makaranta ta karɓi Rabi da wasiƙar mai unguwa, yadda na ji, shi ya sa aka kai shekara goma ba wanda ya tambaya.

Da la'asar ɗin ranar aka kira wani maƙwabci mai bin takardun mutane a ofisoshi, Ammi Sale. Ammi haka muke kiran duk wani sa'an Abuya wanda ba ubanmu ba. Muna tsince shinkafa a bakin ƙofa, suna magana kamar ba mu da kunne. Ya ce a je kotu a nemi shaidar riƙo, sai a nema mata izinin zama da bizar fita da dawowa, amma alƙali zai so ganin takardun uwar, waɗanda suka zama toka, kuma abin zai ci watanni. Ko a je Jidda, ofishin jakadancin ƙasar uwarta ya ba ta takardar tafiya, to amma wannan fita ce kawai, babu dawowa. Sai ya matso ya ce akwai ta uku. Yayata Zainab, wadda ƙyanda ta kashe, har lokacin sunanta na kan takardar Abuya ba a soke ba. A manna hoton Rabi, shi ke nan, gidaje da yawa sun yi. Ummi ta amince nan take. Abuya ya ce, "Ba zan jingina wa yarinya uban da ba nata ba, kuma ba zan tashi matacciya da ƙarya ba."

Na yi karatu, na san hujjarsa, kuma wataƙila da ni ce a matsayinsa haka zan ce. Ba wannan ne ke tafasa mini zuciya ba. Akwai hanya ta huɗu, kuma cikin manya uku ba wanda ya ambace ta: a fasa tafiyar. Ko Abuya ya tafi shi kaɗai. An dai ce an riga an aika Kano, an ɗinka kaya, mutane na jira. Aka kai Rabi gidan wata ƙawar Ummi a nan Ƙuba da ƙullin kayanta, aka ce mata wata biyu kamar gobe ne. Shekara goma ana ɓoye mata takarda don kada ta ji daban, a mako guda aka nuna mata bambancin da jirgin sama. Ni kuma, in faɗi gaskiya, na yi kuka a mota, amma da jirgi ya tashi na yi rigimar kujerar taga. Har yau ban yafe wa kaina wannan tagar ba.

Da muka dawo muka je ɗaukarta da tsarabar atamfa da awarwaro. Ta fito a natse, ta sumbaci hannun Ummi. Abuya ya buɗe hannuwa ya ce, "Rabi'atu, 'yar Abuya." Ta tsaya nesa da shi ta ce, "Sannu da zuwa, Ammi." Ummi ta ce wane irin Ammi kuma, ta gyara bakinta. Ba ta gyara ba. Abuya ya yi shekaru yana zaryar kotu da shaidu har takardunta suka fito da sunan ubanta na gaskiya, ya aurar da ita, ta yi jinyarsa fiye da ni, amma Ammi take ce masa har ya koma ga Allah.

Yanzu lambunan nan sun zama gine-gine, kuma na ji masu riƙo na fara neman shaidar kotu tun yaro na zanin goyo, su bincika sharuɗɗan biza kafin su sayi tikiti. Ina fatan haka ne, ban tabbata ba. Rabi na nan da jikokinta, duk Juma'a muna shan shayi tare, muna hirar carafke da mai lambu. Kano ce kawai ba ta taɓa tambayata yadda take ba.