Gorar da ke Cikin Bango

Kakata Hajo ba ta iya tatsuniya mai daɗi ba. A ƙauyenmu na gefen Dogarawa, in an gama cin tuwo, yaran maƙwabta na can suna shan dariyar Gizo, mu kuwa muna gaban wutar kara tana ba mu abin da zai hana mu barci. Takan tono gyaɗa daga toka ta ba mai sauraro, mai gyangyaɗi kuma ya sha ranƙwashi.

"Ga ta nan, in kuna da zuciyar ɗauka," haka take buɗewa.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta shekarar da Kura ta yi sarauta. Kura ta ce a kai duk geron ƙasa rumbunta, wai ita za ta adana wa talakawa. Dogaranta suka bi gida-gida suna kasa kunne, inda taɓarya ta yi ƙara a cinna wa gidan wuta. Da mata suka bar daka, sai dogarai suka koma matsa kumatun yara. Yaron da aka samu da tsoka, uwarsa za ta sha bulala har ta nuna inda hatsi yake.

Wata mata ta cika gora da irin gero, ta fasa bangon ɗakinta ta cusa, ta yaɓe. Ƙaramin ɗanta ya gani. Da yunwa ta yi tsanani, sai ya riƙa kwanciya jikin bangon yana ƙwaƙular laka da farce, ana janye masa hannu. Uwar ta san in ya ci zai murmure, in ya murmure dogarai za su gane, iri ya tafi ke nan. Ta bar shi da ganyen tafasa da dusa. Bai kai ruwan farko ba. Da damina ta faɗi, ta fasa bango ta raba wa gari tafi-tafi, kowa ya shuka.

Na tsani matar nan. Ran nan na fashe da kuka na ce muguwa ce.

"Kai da kaƙ ƙoshi ka iya shari'a," in ji Kaka, ko kallona ba ta yi ba. "Kura tak kashe shi, ba uwatai ba. Hyace majina ka ba mu wuri."

Sai a zaman makokin Kaka, ina magidanci, na ba wani tsohon garinmu tatsuniyar don mu tuna da ita. Da na gama, sai ya ce:

"Ɗana, wagga ba tatsuniya ba ta. Zamanin Nasara na, da anka ƙwace hatsi. Yaron ƙanen kakarka na. In uwar ta tahi rijiya, Hajo aka bari ta riƙe mai hannu."

Na karanta littattafai da dama tun ina lakwal, wato makarantar boko, a kan mutanen da suka jure wa azzaluman mahukunta, ana yaba musu kamar juriya ado ce. Kaka ba ta taɓa yabon kowa a tatsuniyarta ba, ba ta kuma nemi a tausaya mata ba. Ta sa wa azzalumi fatar kura ne kawai don bakinta ya iya faɗa. Ni kuwa na yi shekaru ina zagin uwarta da bakin da geron nan ya raya.