Ragon da Ya Cinye Bakin Buta

Raguna ashirin da uku aka sauke mini a kasuwar Race Course ta Kumasi a waccan shekara, saura kwana tara Babbar Sallah. Wurin ɗaure su kuma ɗaya tak gare ni a duk unguwar Akwatialine, wani fili tsakanin gota, wato magudanar ruwa, da bangon gidanmu. In na rasa shi, sai in kai dabbobin bayan gari, inda masu saye ba za su bi ni ba, Sallah ta wuce ta bar ni da kaya a hannu.

Da can filin juji ne. Wanda ya canza shi wani dattijo ne mai haya a ɗakin ƙofar gida, kowa Baba yake ce masa. Ya yi gadi a wani gida a Kwadaso, yana zaune bakin ƙofa yana kallon mai aske shingen ganye, har hannunsa ya iya ba tare da kowa ya nuna masa ba. Da ya bar aiki, sai ya zo da rassa a leda da tsohon almakashin tela. Ya kwashe shara, ya dasa. Cikin shekara bakwai ya fitar da ƙubbar masallaci, da kujera, da wata buta ta ganye mai kai wa ƙirjin mutum, da mariƙinta da dogon bakinta.

Mutanen layi suka kamu. Mai koko ta dasa nata a tsohuwar taya, masu shaguna suka jera gwangwanaye. Amare kan zo ɗaukar hoto gaban butar. Aka daina zubar da ruwan wanki a wurin.

Ni a ƙarshen filin nake ɗaure raguna, goma ko ƙasa da haka. Ashirin da uku kuwa sai da suka matso kusa da butar. A ranar, mai unguwa ya zo.

"Alhaji, ganye ɗaya ragonka ya taɓa, a ranar za ka kwashe su. Mata ne suka yi magana, ni saƙo na kawo."

Na amsa. Na auna kowace igiya da kamu, na rage. Abin da ban lissafa ba shi ne turke: gajeru na kafa, irin na taurin ƙasar arewa, ga shi damina ce a Kumasi.

A kwana na huɗu aka yi ruwa kafin asuba. Ina dawowa daga masallaci na hango farin balami, mafi girma a cikinsu, yana jan turkensa a taɓo, yana tauna. Bakin butar babu shi. Sai guntun reshe fari.

Baba yana bayana. Ya matso ya tsaya gaban butar. Na san saura kaɗan mai koko ta fito, kuma teburinta butar yake fuskanta.

"Baba, ragona ne. Faɗi abin da zan yi."

"Me za ka yi? Shekara uku ya ɗauka kafin ya lanƙwasa." Ya shafa reshen. "Ɗaure dabbarka. Ka ɗauko mini almakashi, yana ƙarƙashin tabarma."

Na kawo. Na ɗauka zai gyara wurin cizon ne. Sai na ga ya sa almakashin a mariƙin, ya datse. Na kama hannunsa.

"Sakar ni, Alhaji. Buta ba baki, kowa zai tambaya. Tulu ba a tambayarsa baki."

Yana cikin zagaye wuyan mai koko ta iso da bokiti a ka. Ta tsaya, ba ta sauke ba.

"Baba, ina butarmu?"

"Na gaji da ita. Tulu nake so."

Ta dubi rassan da ke ƙasa, ta dubi ramin turke, ta dubi balamin. Ni dai ina tsaye da igiya a hannu, ina lissafin motar da zan nema in kwashe ragunan.

"Tulu ma ba laifi," in ji ta. Ta sauke bokitin. "Alhaji, goge bakin ragonka. Mai unguwa nan yake shan koko."

Na goge da hular kaina.

Bayan Sallah na je na faɗa wa mai unguwa gaskiya. Ya ce duk layi an sani tun ranar, Baba ne ya bi gida-gida ya ce a bar ni in sayar.

Na sayar da ashirin da ukun duka, balamin ne ma ya fara tafiya. Na kai wa Baba buhu shida na kashin raguna don taki, ya karɓa. Daga shekarar ban ƙara ɗaure dabba a filin ba, bayan gari nake kai su, masu saye rabi ne ke bi na. Amare sun koma ɗaukar hoto gaban ƙubba. Baba bai sake fitar da bakin ba, ya ce hannunsa ya fara rawa. A waccan Sallar ban yi asarar rago ko ɗaya ba. Shi ya rasa bakin da ya raina shekara uku, da mariƙin da ya yanke da hannunsa saboda ni.