Akwatin da Yaya Ɗalha ya ba ni kiwo

Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, mu ma kuma hanyar ke nan. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, cikin watan Safar, bayan sallar azahar, Allah ya yi wa yayana Malam Ɗalha Hashim, mai ɗaukar hoto na Mandawari, rasuwa bayan gajeriyar jinya.

Yaya, ni ce Sa'ida, ƙanwarka ta Ƙofar Dawanau, wadda kake kira sarkin mita. A zaman makoki na ji abubuwan da ban sani ba. Ashe kakan je suna a gidan da ba su da hali, ka ɗauki hoto tun safe har yamma, in an tambaye ka nawa ne sai ka ce sabuwar kyamara kake gwadawa. Shekara da shekaru kana gwada kyamarar nan, har igiyarta ta tsinke aka ɗaure. Tsofaffin unguwa kuma sun ce ba ka danna hoto sai ka sa sun yi dariya, don kada jikoki su gaji fuska a murtuke.

Ni abin da na riƙe naka daban ne. Wata rana ka zo mini da wani ƙaramin baƙin akwati, ka ɗora shi a saman sif ɗina, ka jona shi da sola, ka ce, "Kiwo na kawo miki, yadda Inna take kai tunkiya ƙauye." Na ce ai tunkiya tana haihuwa, wannan kuwa sai shan wuta. Ka zauna a bakin keken ɗinkina ka yi mini bayani. Duk hotuna da bidiyon bikin mutane da suna da saukar karatu suna cikin faya-fayan ajiya a shagonka, amma a gutsure suke, ba suna sai lamba. Babbar kwamfutar shago ce kaɗai take riƙe da katalog, wato fihirisar da ke faɗin na wane yana cikin wane faifai. In fihirisar ta tafi, faya-fayan sun zama kamar yadin salla a ɗakin tela bayan an cire takardun suna. Nan take na gane, har gabana ya faɗi. Shi ya sa kake son kwafinta ya kwana a wata unguwa, nesa da wuta ko ruwan da zai iya samun Mandawari.

Kullum da hantsi, in rana ta hau, sai koriyar fitilar akwatin ta fara ƙyaftawa, alamar shago yana aiko da abin da ya ƙaru jiya. Mu biyu ba gwanayen kiran waya ba ne. Sai na mayar da ƙyaftawar nan gaisuwa. Ina taka keke ina cewa, "Lafiya lau, Yaya, ya su Zaituna?" Maigidana ya daɗe yana yi mini dariya, daga baya shi ma ya koma tambaya ko Malam Ɗalha ya gaishe mu yau.

Abu biyu ka ja mini kunne a kai. Kada in bari ya mutu, ko da firji ne zai haƙura. Na biyun kuwa sai da ka maimaita: "Akwatin nan ba shi da wayo, Sa'ida. Abin da ya gani a shago shi yake kwafa. In ya ga wofi, wofi zai kwafa, ya goge na kirkin. Ranar da kika ji wani abu ya sami shago, kada ki jira kowa, ki zare wayar wutarsa."

Washegarin rasuwarka na leƙa gida ɗaukar kaya, sai na tarar fitilar tana ƙyaftawa. Na san inji ne yake aikinsa, ba a gaya masa an yi rashi ba. Duk da haka na amsa. Daga nan kullum sai na faki ido na baro gidan makoki da hantsi. Ina zaune ina kallonta sai in riƙa ganinka kana tafe a kan badala, kyamara a wuya, gari duk ya yi shiru, ƙofofin gidaje a buɗe, mutanen da ka taɓa ɗauka suna fitowa ɗaya bayan ɗaya cikin kayan bikinsu, masu rai da waɗanda suka riga mu, kowa kana kiran sunansa. Ban san ko gyangyaɗi ne ba. Na dai san ban so ya ƙare.

Ranar addu'ar bakwai aka tafka ruwan da ya rushe katangar bayan shagonka a kan kwamfutar. Washegari da safe abokin aikinka Audu ya shigo gaida Inna, yana hamdala cewa faya-fayan suna cikin akwatin ƙarfe a sama, ko ɗigo bai taɓa su ba. Ya ce ya aro wata kwamfutar wadda ba komai a cikinta, har ya saita ta yadda ta da take, ya bar ta a kunne. Bawan Allah, da kyakkyawar niyya ya yi. Ni kuwa na duba tsakar gida, na ga rana ta fara hawa katanga.

Ban yi wa kowa sallama ba. Adaidaita sahu ya maƙale a ruwa kafin mu kai, na tattare zani na ƙarasa da ƙafa. Na sami fitilar a kunne, koriya shar, ba ta fara ba tukuna. Jira take. Yaya, wallahi ban taɓa son abu kamar in tsaya in ga ta ƙyafta sau ɗaya tak ba. Na san kuma wannan karon ba kai ba ne. Na hau kujera, na yi bismilla, na zare wayar. Sai a lokacin na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai.

Audu ya zo ya ɗauki akwatin, fihirisar tana nan cif. Inna ce ta fara neman nata. Ta ce a samo mata bidiyon marigayi Baba na ranar sunan ɗanka na fari, aka samo kafin ta gyara zama. Ga Baba a kan darduma, amma Inna ba ta kalle shi ba. Ta rufe ido, ta karkata kunne, don a bayan kyamara akwai murya tana cewa, "Baba, ɗan ɗago kanka mana." Da ya ƙare ta ce a mayar. Tun daga ranar matan unguwa suke aiko yara a duba musu nasu, sukan dawo suna cewa kana cikin kowanne, ba a dai ganinka.

Ya Allah, Ɗalha ya tsare amanar bayinka, ka tsare shi daga azabar kabari. Ka gafarta masa, ka yalwata makwancinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarsa Anti Zaituna da yaranta, da Audu, da duk mutanen Mandawari. Allah ya ba mu haƙuri, ya raya abin da ya bari, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.