Maganin Tari a Tukunyar Ah Ee Geok

Tun ban kai tsayin kekenta ba nake cin taliyar Ah Ee Geok. Ba ƙanwar mahaifiyata ba ce, amma duk unguwar Jelutong haka muke kiranta, Ah Ee, wato inna. Keken sayar da abincin nata yana bakin ƙofar shagon kofin Foo, ta hannun hagu, shekara talatin da takwas ke nan. Foo yana sayar da kofi da gasasshen burodi da ƙwai, ita kuma abu ɗaya tak take yi, taliyar romon jatan lande. Taliya ruwan ɗorawa da siririyar taliyar shinkafa, tsiron wake, rabin ƙwai, soyayyar albasa, sai niƙaƙƙen barkono a cikin cokali. Ƙarfe bakwai take fara zubawa, kafin sha ɗaya an kife tukunya.

’Yar masunta ce daga can bayan tsibirin da garinmu yake. Tana shekara sha bakwai ta shigo gari aikin masana’anta, tana liƙa ƙananan wayoyi har idonta ya fara ruwa. A motar haya ta haɗu da Huat, kwandasta ne a lokacin, ta ce kullum sai ya yi kamar ya manta bai ba ta tikiti ba don ya sake dawowa. Da kamfanin motar ya rufe, suka sayi keke, ta tuno yadda uwarta ke soya kawunan jatan lande har su yi ja kafin a zuba ruwa. Ɗansu ɗaya, yana Singapore da iyalinsa.

Mace ce mai faɗa, kuma tana da abin alfahari guda. Duk wanda ya yaba romon sai ta ɗaga ludayi ta ce, “Ba sukari a tukunyata. Zaƙin da ka ji na kan jatan lande ne. Masu sukari suna can kasuwa, je ka same su.” Na ji wannan maganar ya fi sau dubu.

Ba ta ɗanɗana romonta. Ta ce wanda ya tsaya kan tukunya tun asuba hancinsa ya cika, harshensa ba abin yarda ba ne. Wannan aikin mijinta ne, Ah Chek Huat, wato Kawu Huat, siririn dattijo mara magana da ke zaune a bayan keke yana ɓare jatan lande. Kowace safiya, idan romo ya nuna, sai ta ɗauki turaren tsinke uku ta je gindin ginshiƙin shago inda ƙaramin wurin bauta yake, ta kunna, ta sunkuya. Kafin ta dawo ya ɗanɗana. Sai ta ce, “Yaya?” ya ce, “Zuba.” Iyakar hirar ke nan.

Na gama jami’a a watan Yuli, na dawo gida da takardar digiri da ba wanda ya tambaye ni ita. Sai na mayar da teburin da ke kusa da keken Ah Ee ofishina, ina cika takardun neman aiki a waya. Mista Maniam, tsohon ma’aikacin jirgin fito da ke zama a teburin kullum da jaridarsa, ya sa mini suna.

“Mai digiri ta iso! Yau kamfani nawa za mu ƙi?”

“Su ke ƙina, Kawu.”

“To ki ci taliya, Ah Kuan. Ita ba ta neman ƙwarewar shekara biyar.”

Ranar wata Talata na zo da wuri. Ah Ee ta tafi kunna turare, Ah Chek Huat yana dawowa daga kantar Foo, yana daidai teburina sai ya kama bayan kujera, kujerar ta tafi da shi. Na durƙusa na riƙe hannunsa ina kiran sunansa, ban san me ake yi ba, duk karatun da na yi ba inda aka koya mini. Yatsunsa suka saki, wani abu ya faɗo tafin hannuna. Dunƙulen sukari ne, irin mai tauri kamar ƙanƙara, a naɗe cikin takarda. Na sa a aljihu ba tare da na san na sa ba. Kwana biyu ya yi a asibiti ya rasu.

Ah Ee ta rufe keke kwana arba’in da tara. Ranar da ta buɗe, shagon ya cika har waje. Na ɗebi romon na kai baki. Launin yana nan, ƙamshin yana nan, amma akwai wani ɗan ɗaci a ƙarshen harshe, kuma yajin ya fito tsirara. Ta bi tebur-tebur tana tambaya, “Yaya?” Kowa ya ce, “Da daɗi, Ah Ee, kamar da.” Ni ma haka na ce. Wa zai gaya wa matar da ta fito takaba cewa romonta ya lalace?

Amma ita ba baki take saurara ba. Tun da can idan aka dawo da kwanuka sai ta leƙa kowanne kafin ta jefa a ruwan wanki. A da kwanukan a bushe suke dawowa, mutane har ɗagawa suke su shanye. Yanzu an cinye taliya, an bar romo rabi.

Ta ƙara kawunan jatan lande. Ta rage gishiri, ta mayar. Ta sauya mai kawo mata kaya daga kasuwa bayan sun yi faɗan da aka ji har tsallaken titi. Ta zargi ruwan famfo. Mako uku ana haka, wata safiya ta kife kwano a gabanmu ta ce, ba da kowa take ba, “Ƙarshen wata idan kwanukan nan ba su bushe ba, na sayar da keken. Yaron can ya gyara mini ɗaki a Singapore, bene na goma sha huɗu. Sai in zauna in riƙa kallon motoci.”

Sukarin yana cikin aljihun teburina a gida. Na sha buɗewa in duba. Da farko na ɗauka abin tsotsawarsa ne, sai daga baya na tsaya na haɗa lokacin: daga kantar Foo yake, ta tafi kunna turare, tukunya yake nufa. Na kwana biyu ina juya abin kafin na samu Foo yana tace kofi.

“Ah Chek Foo, me marigayi yake karɓa wurinka kowace safiya?”

Bai ɗago ba. “Maganin tari.”

“Shekara nawa yana tarin?”

“Talatin da biyu.” Ya ajiye rariyar. “Ke, yarinya, ni ban ga komai ba. A shekarun farko kwanukanta haka suke dawowa da romo. Ya gaya mata sau ɗaya cewa romon da saura, ta yi mako ba ta yi masa magana ba. Sai tari ya kama shi.”

“Me ya sa ba ka faɗa mata ba yanzu?”

“Kin ga kan nan nawa? Guda ɗaya ne. Ludayinta na ƙarfe ne.”

Mista Maniam, da ashe kunnensa na wurinmu, ya leƙo ta saman jarida. “Ke ce mai digiri, ke za ki je. Mu jahilai za mu tsaya nan mu kira motar asibiti.” Sai ya tuna, ya ce, “Yi haƙuri, ’yata. Bakina ne.”

Tsorona ba ludayi ba ne. Matar nan abu biyu ta rage da su, romonta da mijin da ta yarda bai taɓa ɓoye mata komai ba. Idan na yi shiru ta rasa na farko, idan na yi magana ban san me zan yi wa na biyun ba.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, na jira har ta kife tukunya, mutane suka ragu. Na je na ajiye takardar a kan keke.

“Ah Ee, wannan a hannun Ah Chek yake ranar da ya faɗi. Ni na ɗauke. Tukunya yake nufa da shi.”

Ta warware takardar. Ta daɗe tana kallon dunƙulen, sannan ta juya ta kalli ginshiƙin turare, ta kalli tukunya, kamar mai auna taku nawa ne tsakaninsu. Foo ya shige bayan tulun ruwan zafi.

“Kullum?” ta ce.

“Haka nake zato.”

“Foo! Fito nan, tsohon munafuki. Kullum?”

“Har ranar sabuwar shekara,” in ji Foo daga inda yake.

Ta zauna a kan ’yar kujerar mijinta, wadda ba ta bari kowa ya taɓa ba tun da ta dawo. “Ɓarawon banza,” ta ce a hankali. “Ina tsaye ina zagin masu sukari, yana zaune a bayana yana ɓare jatan lande, ko tari bai yi ba.” Ta goge ido da bakin riga, kuma na rantse dariya ce ta fara zuwa kafin hawayen. Ta naɗe sukarin ta sa a aljihu. “Tafi gida, Ah Kuan. Kin yi fari kamar taliyar shinkafa.”

Washegari na zo tun kafin bakwai, ban san me zan tarar ba. Romo ya nuna. Ta ɗauki turare uku, ta je gindin ginshiƙi, ta kunna, ta sunkuya. Ba ta ɗago ba. Muna ta jira. Can sai ta yi tari sau biyu, tari mai ƙarfi, na gangan.

Foo ya kalle ni, ya kalli Mista Maniam. Ya sa hannu a kwalba, ya fito daga bayan kanta yana sanɗa da silifas ɗinsa, ya jefa dunƙule ɗaya a tukunya, ya juya da ludayi, ya ɗanɗana. Da ta dawo ba ta kalle shi ba.

“Yaya?”

“Zuba,” in ji Foo.

Ranar na zauna har sha ɗaya ina kallon kwanuka suna dawowa. Ta leƙa kowanne. Da yamma an ji ta a waya tana gaya wa ɗanta ya mayar da ɗakin na ajiyar kaya.

Har yanzu ban samu aiki ba, kuma tun ranar da Ah Chek Huat ya faɗi ba na iya zama in ba wa kantar Foo baya. A makon jiya wani baƙo ya shanye romonsa ya tambaye ta ko da ɗan sukari a ciki. Ta ɗaga ludayi.

“Ni dai hannuna bai taɓa sa sukari a tukunyar nan ba,” ta ce. “Kawo kwanon.”